Yadda muka ɗora rawa a kan kiɗan Florence Price, da rigimar da babi na uku ya jawo

Gayyatar daga wani matsakaicin gidan wasa a Landan ta zo. Suna shirya dare guda na sababbin raye-raye uku, kowace a kan kiɗan kilasik, kuma makaɗa ne za su buga a gaban jama'a, ba faifai za a saka ba. An ba ni kusan rabin sa'a, 'yan rawa shida, da masu goge huɗu: ƙananan goge biyu, biyola ɗaya, celo ɗaya. Duk wanda ke sana'ar tsara rawar zamani ya san irin wannan dama ba kullum take zuwa ba. Yawancinmu da faifai muke aiki, domin kuɗin makaɗa kaɗai kan lashe abin da za a biya 'yan rawa.

Ban ɓata lokaci wajen zaɓen kiɗa ba. Na daɗe ina son kiɗan goge huɗu na ƙarshe da Felix Mendelssohn ya kammala a 1847, bayan rasuwar yayarsa Fanny, watanni kaɗan kafin shi ma ya bi ta. Kiɗa ne mai huci, babu inda ya zauna ya huta. Da na faɗa wa matar da ke tsara jadawalin gidan, sai ta yi ɗan jim, sannan cikin ladabi ta ce, "Ba kya ganin da kin ɗauki abin da ya fi kusa da ke?" Sauran masu tsara rawar biyu Turawa ne. Ɗaya ya zaɓi Bach, ɗaya Shostakovich. Babu wanda ya tambaye su kusancinsu da Leipzig ko Leningrad, biranen da waɗannan marubuta kiɗa suka zauna.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne tambayar tsohuwa ce, kuma tuni aka amsa ta a kan dandamali. Alvin Ailey, wanda duniya ta sani da Revelations ta 1960 mai waƙoƙin coci na baƙaƙen Amurka, shi ne kuma ya ɗora wa Judith Jamison rawa a kan The Lark Ascending na Vaughan Williams a 1972. Bill T. Jones ya ɗauki wani kiɗan Mendelssohn ɗin, na masu goge takwas, ya yi D-Man in the Waters a 1989 lokacin da ɗaya daga cikin 'yan rawarsa ke fama da cutar ƙanjamau. A Afirka ta Kudu marigayiya Dada Masilo ta kwance Swan Lake ta sake ɗinka shi yadda take so a 2010. Amma duk sabon baƙar fata da ya shigo sana'ar sai an sake yi masa tambayar daga farko, kamar waɗancan ba su taɓa wanzuwa ba.

Matar nan mai tsara jadawali ce ta ambaci sunan Florence Price. Na koma gida na saurari kiɗan goge huɗu na biyu da Price ta rubuta a 1935, raina a ɓace. Kiɗan kashi huɗu ne, wato babi huɗu; babi na farko ya wuce ban ce komai ba. Babi na biyu ne ya kama ni: wata waƙa mai jan hankali da ke yawo daga goge zuwa goge, ƙarƙashinta kuma wasu sautuka suna lilo ba su tsaya ba. Kafin ya ƙare na riga na ga mutum biyu suna tafiya a cikinsa. To, nan fa na shiga tsaka mai wuya. An miƙo mini kiɗan ne saboda launin fatar mai shi da nawa, ni kuma na so shi saboda abin da kunnena ya ji. Na karɓa, amma na sa a raina cewa duk matakin da za a taka daga nan, sai na duba dalilin wa ake bi, nawa ko nasu.

Ga wanda bai san ta ba: an haifi Price a Little Rock, jihar Arkansas, a 1887. Ta yi karatun kiɗa a Boston, ta koma kudu, sannan ta kwashe iyalinta zuwa Chicago a 1927, shekarar da gungun fararen fata suka kashe wani baƙar fata a garinsu a bainar jama'a. A 1933 babbar ƙungiyar makaɗa ta Chicago, ƙarƙashin Frederick Stock, ta buga simfoninta na farko, wato dogon kiɗa na cikakkiyar ƙungiyar makaɗa, karon farko da wata babbar ƙungiyar makaɗa a Amurka ta buga simfonin mace baƙar fata. Shekara goma bayan haka tana rubuta wa Serge Koussevitzky, jagoran ƙungiyar makaɗan Boston, wasiƙa, tana gaya masa ƙarara cewa abu biyu ke tare mata hanya, kasancewarta mace da kuma launinta, tana roƙon a duba aikinta a kan cancantarsa. Ta rasu a 1953. Sai a 2009 wasu ma'aurata da suka sayi wani gida da aka yasar a St. Anne, jihar Illinois, suka tarar da tulin takardun kiɗanta a ciki.

Wannan tarihin ya shafi aljihunmu kai-tsaye, kuma abu ne da ba a cika faɗa ba idan ana maganar wakilci. Kiɗan Bach ko Mendelssohn na kowa ne, kana iya ɗauko takardunsa kyauta a intanet ka buga. Na Price ba haka yake ba. Kamfanin G. Schirmer ya sayi haƙƙin ayyukanta a 2018, kuma da yawa daga cikinsu sai a 'yan shekarun nan aka fara buga su. A Birtaniya ma akwai ƙa'idar da ta tsawaita kariyar wasu tsofaffin ayyukan da ba a wallafa ba har ƙarshen 2039. Ƙari a kan haka, lasisin gama-gari da gidajen wasa ke biya wa PRS, ƙungiyar da ke karɓar kuɗin haƙƙin kiɗa a Birtaniya, bai rufe rawar da aka tsara a kan kiɗa ba. Irin wannan sai an je wurin mai haƙƙin kai-tsaye, a gaya masa yawan kujerun zauren, kuɗin tikiti, dare nawa za a yi, da ko za a ɗauki bidiyo. Mun cike takardun, aka ba mu izini, muka biya. Ban ga laifin biyan ba, haƙƙi ne. Sai dai a cikin raye-raye ukun nan, tawa ce kaɗai ke da wannan layi a kasafin kuɗi, kuma daga kason sutura aka zare shi. Ƙaramin kamfanin rawa da ke ƙirga kowane fam, in ya koma wa Bach, wani lokaci ba son zuciya ba ne, lissafi ne.

Tantance 'yan rawa bai ɗauki dogon lokaci ba. Na buɗe wa kowa, na ɗauki baƙaƙen fata huɗu, mata biyu maza biyu, da Baturiya ɗaya, da wani saurayi ɗan asalin gabashin Asiya. Furodusan ya ja ni gefe ya ce da dukansu shida baƙaƙe ne, da saƙon ya fi fita a jikin fosta. Na ce masa matar da ta rubuta kiɗan ƙungiyar makaɗan Boston take roƙo ta buga mata, ba ta ware wa kowa shi ba. Ya ɗaga kafaɗa, muka wuce.

A ɗakin atisaye ne na gane cewa zaɓen mutum shida abu ne mai sauƙi, haɗa su biyu-biyu shi ne aiki. Babi na biyun nan da ya kama ni rawar mutum biyu yake nema. Na tsara motsin, na ɗora shi a kan namiji baƙi da Baturiyar. Wata abokiyar aikina da ta leƙo ta kalla ta ce, "Kai, labarin soyayyar da dangi suka hana." Ban sa labari a ciki ba. Na mayar da shi kan matan nan biyu baƙaƙe, motsi ɗaya, ko yatsa ban canza ba, sai aka ce zaman makoki ne, uwa da 'ya. Na ba maza biyu, aka ga wani abin daban. Idon ɗan kallo kan riga kunnensa isa, kuma fatar ɗan rawa ce abu na farko da yake karantawa.

George Balanchine ya san wannan sarai lokacin da ya haɗa Arthur Mitchell da Diana Adams a Agon, a kan kiɗan Stravinsky, a ƙarshen 1957. Watanni kaɗan kafin nan sai da aka tura sojojin tarayya su raka yara baƙaƙe tara makarantar sakandare a Little Rock, garin su Price. A irin wannan shekara, hannun baƙin namiji a kan ƙafar farar mace magana ce babba, kuma da gangan aka yi ta. Ni kuwa ba wannan maganar nake son yi da babi na biyu ba. Abin da na yi daga ƙarshe shi ne na bi kiɗan: yadda waƙar ke tashi daga wannan goge ta sauka a wancan, haka rawar ke barin hannun wannan ta shiga na wancan. Duk su shida suna ratsawa ta cikinta, babu mutum biyun da suka daɗe tare har ɗan kallo ya samu sukunin ƙulla musu labari. Wannan kam na gamsu da shi.

Babi na uku ne ya kusa raba mu. Price ta sa masa suna Juba, kamar yadda ta yi a simfoninta na farko da na uku. Juba rawa ce ta bayin da aka kai Amurka, da salon kiɗa da jiki: a tafa hannu, a bugi cinya da ƙirji, a doka ƙafa. Bayan tawayen bayi na Stono a 1739, dokar da aka kafa a South Carolina a 1740 ta haramta wa bayi ganguna da ƙahoni, saboda tsoron kada su riƙa kiran juna da su. Jiki ne ya ɗauki aikin ganga. Daga baya masu wasan shafa baƙin fenti a fuska suka ɗauke salon suka kai dandamali don a yi dariya. William Henry Lane, baƙar fata da ake wa laƙabi da Master Juba, gwanin da ba a ja da shi, cikin irin wannan tawaga ya zo Landan a 1848. Kuma kada wani ya ce tsohon labari ne: BBC ta riƙa nuna The Black and White Minstrel Show a talabijin daga 1958 har 1978. A cikin masu sayen tikitinmu akwai waɗanda suka kalle shi suna yara.

Ranar da makaɗan suka fara zuwa suka buga mana babin, mai jan gaban gogen ta yi dariya ta ce, "Nan ne za a tashi a tafa muku." Da kyakkyawar niyya ta faɗa. Sai ɗaya daga cikin mazan, ɗan kudancin Landan wanda iyayensa 'yan Jamaika ne, ya zauna a ƙasa ya ce, "Ban kashe ƙuruciyata a makarantar rawa don in zo ina bugun cinya ina wa Turawa murmushi ba." Baturiyar kuma ta ce, "Ni in na yi, me na zama ke nan?" Ɗaya daga cikin matan ta ce ita kuwa tana son yi, kakarta tana yin irinsa, kuma ba ta ga dalilin da za a bar wa masu fenti abin da suka sata ba. Kowannensu yana da gaskiya. Muka tashi ranar ba mu ƙara taku ɗaya ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce in yi kamar ban ga sunan babin ba, in ɗora masa tsalle-tsallen balet masu sauri, a wuce. Na ƙi wannan saboda wurin da Price ta ajiye shi. A tsarin kiɗan Turai, babi na uku gurbin rawa ne. Haydn da Mozart rawar fada suke sakawa a nan. Dvořák ya saka rawar ƙauyukan ƙasarsu a simfoninsa na shida, kuma shi ne ya ce a 1893, yana New York, makomar kiɗan Amurka tana cikin waƙoƙin baƙaƙe. Price ta ɗauko rawar bayi ta zaunar da ita a kujerar rawar sarakuna, da saninta. In na share wannan, na share shawarar da ta fi kowace ƙarfi a cikin kiɗan.

Sai muka nemo wata dattijuwa, baƙar fata 'yar Amurka da ta daɗe tana koyar da rawar ƙwanƙwasa takalmi a Turai, wadda ta koyi bugun jiki a hannun manya. Ta zo ta zauna a kujera, ta ce a buga mata babin. Da aka gama ta dube ni ta ce, "'Yata, waye ya gaya miki dole sai an yi murmushi?" Na ce, "Mama, ai haka ake gani a hotuna." Ta ce hotunan na masu sayar da tikiti ne. Waɗanda suka koya mata, in suna bugu, idonsu a kan hannun juna yake, domin wanda ya kuskure bugu ɗaya ya ɓata wa kowa. Ta jera su a da'ira ta fara koya musu, a hankali, bugu huɗu, sannan takwas, sannan ta raba su gida biyu, waɗannan na amsa wa waɗancan. Abu ne mai wuyar gaske. 'Yan rawan da ke iya juyi biyar a kan ƙafa ɗaya suka riƙa ɓata lissafi, cinyoyinsu suka yi ja. Saurayin nan da ya zauna a ƙasa shi ya fi kowa nacewa, don wuyar abin ta sa ya daina yi masa kallon wasa.

Game da Baturiyar, dattijuwar ce ta yanke. Ta ce ta shiga da'ira ta buga kamar kowa, tunda da'ira ba ta korar mai iya riƙe bugu, amma kada a fito da ita tsakiya, kada kuma ita ta fara kira. Haka saurayin ɗan Asiya. Dukansu biyu suka ce sun yarda.

Ga yadda babin ya tsaya. Bayan babi na biyu makaɗa suna ajiye bakansu. 'Yan rawa shida suna haɗuwa a da'ira suna fuskantar juna, wasu sun ba 'yan kallo baya, su yi bugun jiki zalla na kusan minti biyu, babu goge. Sannan gogen su shigo da Juba ɗin Price a kan bugun da aka riga aka kafa, hannaye su tsaya, bugun ya sauka ƙafafu, da'irar ta fashe zuwa dogayen layuka da tsalle. Ɗan kallo ya fara jin tushen, sannan ya ji abin da ta gina a kansa. Wannan ƙarin sai da muka koma wa masu haƙƙin kiɗan muka nemi amincewa, tunda mun cusa abu tsakanin babi da babi, suka amince muddin ba a taɓa sautukan da ta rubuta ba. Sunan dattijuwar ya shiga takardar shiri a matsayin wadda ta tsara wannan ɓangare, kuma an biya ta a haka, ba a matsayin baƙuwar da ta leƙo ba.

Ba kowa ya gamsu ba. Wadda ta ce kakarta na yin irinsa har yau tana ganin juya baya ɓuya ce, wai mun ji kunyar abin ne muka lulluɓe shi da natsuwa. Ta ce akwai farin ciki na gaske a cikin Juba, kuma hana baƙar fata dariya a dandamali saboda tsoron idon Bature shi ma wani ɗauri ne. Na kasa ce mata ba haka ba ne. Abin da muka yi shi ne na daina ba su umarni a kan fuska gaba ɗaya. Wanda dariya ta zo masa ya yi, muddin ɗan'uwansa yake wa, ba zaure ba.

Su ma makaɗan sun sha nasu. Dukansu huɗu Turawa ne, su ne masu gogen gidan, kuma babu wanda a cikinsu ya taɓa buga Price a makaranta. In za ka buga Beethoven, akwai al'adar shekara ɗari biyu da ke gaya maka inda za ka ja da inda za ka saki. A nan faifan da aka ɗauka kaɗan ne, kuma sababbi. Suka yi ta gardama a kan ko a buga Juba daidai yadda yake a takarda ko a ɗan karkata bugun irin na jaz. Mai celon ce ta kashe gardamar, ta ajiye kayanta ta shiga da'ira ta koyi bugun cinyar, ta koma ta ce a bi abin da hannayen ke yi. Akwai ƙungiyar Chineke! da Chi-chi Nwanoku ta kafa a 2015, mafi yawan makaɗanta baƙaƙe da sauran tsiraru, kuma na so a ce mun samu ko mutum biyu daga irin wannan da'ira. Kwantiragin gidan bai ba da wannan dama ba.

Sutura kuma tsohon ciwo ne. A babi na huɗu mace ɗaya tana hawa takalmin tsayuwa kan yatsu, sauran ƙafa tsirara. Dalilin da ya sa ake yin takalmin da safar balet ruwan hoda shi ne su saje da fatar mai rawa, ƙafa ta zama layi ɗaya daga ƙugu har yatsa. A ƙafar baƙar mace ruwan hoda yanke layin yake yi. Dance Theatre of Harlem, wanda Mitchell ya kafa da Karel Shook a 1969, tun shekarun 1970 ya koma rina safa da takalmi daidai fatar kowace 'yar rawa. Amma sai a 2017 Gaynor Minden ya fito da takalma masu launin ƙasa, Freed of London kuma a 2018 tare da haɗin gwiwar Ballet Black, kamfanin da Cassa Pancho ta kafa a Landan a 2001. Ko yanzu, samun launin abu ɗaya ne, samun sa a girman ƙafarki da faɗinta da taurin da kika saba wani abu ne daban. Na 'yar rawarmu sai an yi oda an jira makonni, mu kuma ba mu da makonnin. Ta koma wa abin da ta saba tun tana yarinya: soso da hodar ruwa ta shafa fuska, tana dangwala wa takalmin a hankali, har da zaren ɗauri da robar, ta bar shi ya kwana ya bushe. Danshin kan sa takalmin saurin laushi, ga shi dama ba ya daɗewa. Na sa aka shigar da kuɗin hodar da lokacin da take ɓatawa a lissafin gidan. Mai ɗinkinmu kuma ta rina kayan ciki kala shida, kowa da nasa.

Wannan ƙaramin abu ne idan aka tuna cewa Janet Collins, wadda ta shiga balet ɗin Metropolitan Opera a 1951, tana 'yar shekara goma sha biyar aka ce za a ɗauke ta a Ballet Russe de Monte Carlo in ta yarda ta shafe fatarta da farin fenti, ta ƙi. A 2020 Chloé Lopes Gomes ta fito ta ce an nemi ta yi farar kwalliya don Swan Lake a Berlin. Sai a 2021 rahoton da Pap Ndiaye da Constance Rivière suka rubuta wa gidan opera na Paris ya ba da shawarar a daina irin waɗannan fente-fenten, kuma a 2023 gidan ya samu ɗan rawa baƙar fata na farko a matsayi mafi girma, Guillaume Diop.

Ranar gwajin fitilu ce ta fi tayar mini da hankali, domin a nan lokaci ba naka ba ne. Raye-raye uku ne ke raba yini ɗaya. Gidan ya riga ya rataya fitilunsa yadda aka saba wa rawar zamani: shuɗi mai sanyi, haske daga gefe, baƙin labule a baya, baƙar shimfiɗa a ƙasa. Da aka kunna na zauna a tsakiyar zaure, mutum ɗaya nake gani sosai, Baturiyar, tana ƙyalli. Sauran kamar an shafa musu toka, mafi duhunsu kuma rigarsa kawai ke yawo. Duk aikin da muka yi na hana ido tsayawa a kan mutum ɗaya, fitila ta rushe shi cikin daƙiƙa.

Mai tsara fitilun mutumin kirki ne, bai yi musu ba. Ya ce a makaranta a kan fatar abokan karatunsa ya koyi sana'ar, kuma kusan duk farare ne. Muka fara gyara. Aka rage shuɗin da ke da ɗan kore a ciki, shi ne ke kashe fata mai duhu, aka kawo ruwan lafanda da ruwan zuma. Aka ƙara haske kaɗan daga gaba, ƙasa-ƙasa, don fuska ta fito. Aka haska labulen baya da launi maimakon a bar shi baƙi, domin jiki mai duhu a gaban baƙin bango ba shi da iyaka. Ya riƙa daidaita kowane haske a kan wanda ya fi kowa duhu, sannan ya rage abin da ya yi wa Baturiyar yawa ta wurin sauya mata launin riga. Babbar rigimar a kan shimfiɗa ce. Na nemi toka-toka mai mayar da haske sama. Ba a iya sauya shimfiɗa tsakanin rawa da rawa a dare ɗaya, don haka sai sauran biyun sun yarda. Mai Bach ya yarda nan take, mai Shostakovich sai da aka kai ruwa rana. Mai ɗaukar bidiyo ma na tsaya a kansa ya saita kyamararsa a kan fuska mai duhu, tunda wannan bidiyon ne za a tura wa gidajen wasa da masu ba da tallafi nan gaba.

Takardar shiri da sashen talla ya rubuto, daga sama har ƙasa launin Price ne da gidan da aka tsinci takardunta. Babu jimla ɗaya a kan yadda kiɗan yake. Na Bach da Shostakovich kuwa an yi bayanin tsarin kiɗansu dalla-dalla. Na sake rubutawa, rabi tarihinta, rabi abin da kunne zai saurara a kowane babi. Hoton fosta suka so na saurayin nan ɗan kudancin Landan yana sama, ƙirji a buɗe, gumi na sheƙi. Na zaɓi wanda su shida suke da'ira, ana hango masu goge a bayansu. Sun ce nasu zai fi sayar da tikiti, kuma mai yiwuwa da gaskiyarsu.

An yi wasan, zaure ya cika, an tafa a babi na uku kamar yadda mai gogen ta faɗa. A zaman tambayoyi bayan wasa, an tambayi mai Bach yadda yake ƙirga bugu, aka tambaye ni yadda nake ji a matsayina na baƙar mace. Na amsa a taƙaice, na juya maganar zuwa dalilin da ya sa Juba yake babi na uku.

Bayan an gama na zauna na rubuta takardar sharuɗɗa ga duk gidan da zai so ɗaukar rawar: shimfiɗa toka-toka, a daidaita fitilu a kan ɗan rawan da ya fi duhu, kayan ciki da takalmi daidai fatar kowa a kuɗin gidan, ɓangaren bugun jiki kuma dattijuwar ko wanda ta amince da shi ne kaɗai zai koyar. Wani gidan wasa a arewacin Ingila ya turo yana so, ya ba mu Oktoba, watan tarihin baƙaƙen fata a Birtaniya. Na tambaye su ko suna da gurbi a wani watan. Bayan 'yan wasiƙu muka daidaita a kan Maris, su za su biya hayar shimfiɗar da kuɗin jirgin dattijuwar, mu kuma mu sake neman lasisin kiɗan da kuɗinmu.